Tafiyar Inna Kulu

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na yi iyakar ƙoƙarina in manta, da ranar da na fara ganin fuskata a allon majigi. Na yi wasa a dandamali har gwiwoyina suka gaji, na yi a rediyo, na yi a talabijin, na rubuta 'yan littattafan da Allah Ya nufa. Amma duk sanda 'yan jami'a suka zo da na'urarsu suka ce, "Hajiya, yaya aka fara?" sai in gyara mayafi in ce musu tun ina ƙarama nake da sha'awa. (Amsa ce mai sauƙi, kuma tana sa su tafi da wuri.) Yau dai na gaji da ita, bari in faɗi yadda aka yi.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, ana dai ta maganar sun kusa. Ni kuwa bazawara ce, shekaruna ashirin da 'yan kai. Aurena na fari ya mutu ba hayaniya, na dawo gidan Kawuna a Batsari. Kawu malami ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda kallonsa kaɗai ya isa ya sa ki tuna zunubin da ba ki ma aikata ba. Ina aiki a ɗakin shan magani, ni ke riƙe wa mata jarirai idan za a yi musu lamba, in wanke kwalabe, in yi wa masu layi tsawa. Na yi ajin yaƙi da jahilci, na iya haɗa baƙi, saboda haka a zuciyata ni da likita bambancinmu kaɗan ne.

Akwai kuma mai neman aurena, Malam Garba, malamin elementare a Safana. Dogo ne, mai sanyin murya, yakan taka keke tun daga can ya zo ya zauna a zauren Kawu yana murza hularsa a hannu. Ina son mutumin nan. Ko yanzu da na tsufa ba na jin kunyar faɗa.

Matsalar ita ce mahaifiyarsa, Inna Kulu. Ba ta ga dalilin da ɗanta, saurayi mai aikin gwamnati, zai ɗauko bazawarar da ke yini cikin mutane ba. Tana da ɗiya da ke aure a Batsari, don haka takan zo ta yi kwanaki, kuma duk zuwan da za ta yi sai ta biyo ɗakin shan magani, wai ciwon kai, alhali ni take zuwa dubawa. Tsohuwa ce ƙarama, tsaf-tsaf da ita, amma tana da wata tafiya da ba mai irinta. Takan dafe ƙugu da hannun dama, ta ja ƙafar hagu, ta ɗan karkata kamar za ta faɗi sannan ta miƙe. Ɗankwalinta kullum a goshi yake. Idan aka ba ta ruwa sai ta hura shi sau biyu ko da ba zafi, ta sha, ta goge baki da bayan hannu, ta shafa hannun a ƙugu. Ni kuwa Allah Ya yi ni da wata cuta tun ina yarinya: idan na ga mutum sau biyu, jikina ya ɗauke shi ke nan.

Ana cikin haka, da rani, sai ga masu ɗaukar majigi sun sauka a garin, Bature ɗaya da rana ta mayar ja kamar gauta, da tafintansa, da masu ɗaukar kaya. Za su yi hoto ne a kan kurkunu, don a nuna wa mutanen ƙauye su daina shan ruwan kududdufi ba tacewa. Suna neman mata biyu, ɗaya mai tsafta, ɗaya ƙazama. Matan aure ba mai barinsu, 'yan mata kuwa iyayensu sun ƙi. Sai ido ya dawo kanmu, ni da Hurera, wata bazawara daga Karare da ke shara a wurin aikinmu, shiru-shiru, idan aka gaishe ta da ƙarfi sai ta firgita.

Da saƙo ya zo daga gidan hakimi cewa aikin lafiya ne, Kawu ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ni dai ban ce ki je ba, ban kuma ce kada ki je ba." Na ɗauki wannan a matsayin izini. (Har ya rasu bai yarda izini ne ba.)

Ba a ma tsaya shawara ba, ni ce mai tsafta. Wa kuma? Aka ba ni sabon zane, aka ari wani gida aka share shi fes, aka ajiye sabon tulu da farin ƙyalle. Na yini ina tace ruwa, ina tafasawa, ina rufe tulu da faifai, ina murmushi irin na matar da ba ta da wata damuwa a duniya. Na'urar Bature tana tsaye kan ƙafafunta uku tana ƙirrr, ni kuwa ina jin kamar sarautar garin aka ba ni.

Washegari aka koma bakin kududdufi don a ɗauki Hurera. Aka ɗaura mata tsumma, aka ce ta zo ta kori jaki, ta kamfaci ruwa a ƙwarya ta sha. Baiwar Allah nan ta sandare. Ta taho kamar an ɗaure mata ƙafafu da igiya, ta kalli na'ura, ta kalli jaki, ta fashe da kuka. Aka sake, aka sake. Bature ya cire hula yana fifita, yana wasu maganganu da ba sai an fassara ba.

Nan fa shaiɗan ya raɗa mini. Na ce, "Ke matsa, ba ni tsumman nan in nuna miki. Abu kaɗan ya gagare ki!"

Na ɗaura. Na tsaya ina tunanin yadda zan yi tafiyar, kafin in gama tunani jikina ya riga ni. Ɗankwali ya sauko goshi, hannun dama ya dafe ƙugu, ƙafar hagu ta fara ja. Na karkata, na miƙe, na yi wa jakin daƙuwa, na kamfaci ruwa, na hura sau biyu, na kai baki, na goge da bayan hannu, na shafa a ƙugu. Masu ɗaukar kaya suka kwanta a ƙasa don dariya. Hurera ma da ke kuka sai da ta yi dariya. Bature ya tafa hannu, ya yi wata doguwar magana yana nuna ni, yana nuna Hurera, yana juya hannuwa.

Na ce wa tafinta, "Malam, me ya ce?"

Ya ce, "Ya ce madalla. Ya ce ki sake."

(Daga baya, da na zauna cikin masu jin Turanci, na gane cewa maganar da ta kai wannan tsawo ba ta taɓa zama "madalla" kawai.)

Na sake. Na ji na'ura tana ƙirrr, na ce ai don Hurera ta koya ne. Aka ce in kwanta in riƙe ƙafa kamar mai ciwo, na kwanta na yi ta birgima, har da ƙarin da ba a tambaye ni ba. Wanda bai taɓa sa mutane dariya ba ba zai gane ba, amma abin yana bugarwa. Da an ce in hau jakin nan a ranar, da na hau.

Bayan kwana biyu Hurera ta same ni ina wanke kwalabe, ta ce, "Yaya, jiya sun kira ni, sun ba ni zanen nan naki, sun sa na tace ruwa."

Na ce, "Lallashinki suke yi, don kada ki ji haushi." Har na dafa kafaɗarta don tausayi.

Suka tafi, damina ta zo ta wuce. Ni kuwa a tsakanin nan babu wanda ban gaya wa ba. Matan layi, masu tallan nono, dillaliya, kowa ya san cewa za a nuna ni a ƙasar nan kaf a matsayin misalin mace. Labari ya kai Safana, kuma abin mamaki, ya yi mini amfani. Malam Garba ya ce Inna ta fara saukowa, ta ce yarinyar da gwamnati ta zaɓa don tsafta ba za a rasa wani abin kirki a tare da ita ba. Aka fara maganar bayan an cire amfanin gona manya za su zo wurin Kawu.

Da kaka sai aka ji motar majigi ta fito zagaye, za ta fara da Safana, sannan ta zo Batsari. Da ina da hankali da na jira a gida. Amma yaya za a yi mutanen Safana su ga hotona ba su ga mai hoton ba? Na roƙi wata gwaggona ta raka ni, muka hau motar gyaɗa, na aika wa Inna Kulu cewa ina roƙon alfarma ta zo ta gani da idonta.

Ta zo. Bayan magariba aka kafa farin allo a fili, aka tayar da inji, maza a gefe guda, tsofaffi da zawarawa da yara a ɗaya gefen. Na shimfiɗa mata tabarma a gaba, inda kowa zai gan mu. Na sha lalle, na sha kwalli, na ɗaura zanen da na fi ji da shi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da sakin fuska, ta tambayi lafiyar Kawu da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai ta kwance bakin zanenta ta ɓantaro mini goro, ta ce, "Ungo, ɗiyata." Ba ta taɓa kira na haka ba. Na hango Malam Garba can cikin maza yana ta gyara hula.

Aka fara da hoton wani babban Bature yana buɗe gada, ba wanda ya kula. Sannan tafintan nan, wanda shi ne mai yi wa jama'a bayani a lasifika tunda hoton ba ya magana, ya gyara murya ya ce, "To jama'a, a natsu! Yau za ku ga mata biyu. Ga ta farko, Malama Mai Tsafta!"

Na gyara zama, na ɗan sunkuyar da kai irin na mai kunya.

Gidan ne, tulun ne, zanen ne. Amma Hurera ce a ciki. Tana tace ruwa a hankali, kanta a ƙasa, tsoron nan nata duk ya koma kamar natsuwa da tarbiyya. Inna Kulu ta matso ta ce, "Hoton ya ramar da ke."

"Ga kuma maƙwabciyarta," in ji lasifika, "sunanta Ta-Kududdufi! Jama'a, ku dube ta da kyau, kada ku zama irinta!"

Sai ga ni. Fuskata ta cika allon nan, faɗinta ya kai ƙofar zaure. Ga tsumma, ga jaki. Fili ya ɗauki dariya, na ce a raina to, wannan kunya ce, amma ana iya rayuwa bayanta. Sai hoton ya ja baya, aka nuno ni gaba ɗaya ina tahowa. Ɗankwali a goshi. Hannu a ƙugu. Ƙafar hagu tana ja.

Dariyar ta ɗan tsaya, kamar mutane suna tuna inda suka san wani abu. Na kamfaci ruwa a allo, na hura sau biyu. Sai wata tsohuwa a bayanmu, wadda Allah Ya ba murya amma bai ba ta sirri ba, ta ce, "La'ilaha illallahu! Wagga ai tafiyar Kulu ce!"

Wayyo. Dariyar da ta biyo baya daban ce da ta farko. Ta fara daga wajen mata, ta tsallaka wajen maza, ta dawo. Masu ƙoƙarin dannewa suka fi kowa ƙara. Kawunan mutane suka riƙa juyowa daga allo zuwa tabarmarmu, daga tabarmarmu zuwa allo, ga mai tafiyar ga mai kwaikwayo zaune kafaɗa da kafaɗa, ni na jera mu da hannuna. Mai lasifika bai san abin da ake ciki ba, ya ga kasuwa ta yi kyau, sai ya ƙara gishiri: "Ku ga tafiyar ƙazamai! Haka suke tafiya ko'ina!"

Ba a gama da ni ba. Aka nuno ni ina birgima, sai aka nuno ƙafa ana naɗe kurkunu a tsinke. Ƙafar ba tawa ba ce. Ƙafar wani ƙato ce, mai gashi da faso kamar gonar da ta shekara ba ruwa. Amma daga ita sai aka dawo kan fuskata, saboda haka har yau akwai tsofaffi a yankin nan da za su rantse sun ga ƙafata. Na ja zane na rufe ƙafafuna masu lalle, kamar hakan zai taimaka.

Inna Kulu kuwa tana zaune yadda take. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi kowa ba, ta kafa wa allo ido har aka gama. Aka kashe inji, mutane suka fara watsewa suna waiwaye. Ba ta tashi ba. Da farko na zaci fushi ne ya hana ta motsi. Sai da na ga tana bin mutane da ido, tana jiran su ƙare, sannan na gane: ba ta son ta miƙe ta yi tafiyar nan a gabansu. Haka muka zauna, ni da ita a tabarma ɗaya, har filin ya zama ba kowa sai masu naɗe allo. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe. Na kai hannu zan taimaka, ta ce, "Bari." Na sunkuyar da kai don kada in ga tafiyarta.

Da safe na ɗauki ƙafata na tafi gidansu ba da haƙuri. Malam Garba na zaure, idonsa ja. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Kin san abin da ya sa take jan ƙafar?"

Na ce ban sani ba.

"Kurkunu ne. Tana goyona ya kama ta a gwiwa, ta yi damina guda a kwance. Tun daga nan ba ta shan ruwan da ba ta duba da idonta ba. Hurawar da kika gani, dubawa take yi."

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da a zauren nan aka binne ni. Na shiga ciki na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na zube, na fara jero ban-haƙuri, ina kuka ina rantsuwa ban san za a nuna ba. Ta bar ni har na ƙare. Sannan ta ajiye faifan ta ce, "Tashi ki yi mani in gani."

Na ce, "Inna, don Allah..."

"Jiya duhu ne, idona ba ya gani sosai. Kowa ya gani ya yi dariya, ni mai abin ban gani da kyau ba. Tashi."

Na tashi. Da rana tsaka, a tsakar gidan matar nan, ba tsumma ba jaki, na dafe ƙugu na ja ƙafa daga bakin rumbu zuwa bakin murhu, hawaye na zuba. Na yi wasa a gaban manyan mutane daga baya, ban taɓa jin nauyin 'yan kallo kamar na tsohuwar nan ita kaɗai ba. Ta kalle ni har na tsaya. Ta gyaɗa kai ta ce, "Lallai kin iya. Allah Ya ba ki abin yi." Ta ɗauki faifanta. "Ki gaida Kawunki."

Shi ke nan. Manya ba su zo wurin Kawu ba, ba a kuma aiko an ce an fasa ba, maganar dai ta bushe a tsaye. Malam Garba ya zo sau ɗaya, ya zauna ya murza hula, ya tafi. Ban ga laifinsa ba. Uwa ɗaya gare shi.

Majigi kuwa ya ci gaba da zagayensa. Ya zo Batsari, ya je Zakka, ya je Babban Duhu, ya shekara yana yawo da ni ƙauye-ƙauye. Sunana na yanka ya ɓace, na koma Ta-Kududdufi. Mata suka daina miƙo mini jarirai, wai kada in shafa musu. Kawu bai je kallo ba, amma an ba shi labari, abin da ya ce kawai shi ne, "Da ma ban ce ki je ba." Hurera, wadda ba ta iya ɗaga ido ta kalli na'ura ba, wani mai sayen gyaɗa ya gan ta a allo ya ce lallai sai wannan mai tsafta, ta yi aurenta ta huta.

Tafintan nan ne, ko don ya wanke laifinsa, ya ba da sunana lokacin da ake neman mata masu wasan kwaikwayo a birni. Na tafi, ba don sha'awa ba, don dai a can ba wanda ya san ƙafata. Daga nan aiki ya bi aiki. Na fito a masifaffiya, na fito a mai tsegumi, na fito a tsohuwar banza tun ban kai talatin ba. Mace ta gari kuwa ba a taɓa ba ni ba, sai da na fara rubuta littattafai da kaina na riƙa ƙirƙiro su, su ma masu karatu suka ce mugayen sun fi daɗi. Na yi aure daga baya, na haihu, alhamdulillahi. Amma ban ƙara taka Safana ba sai da na ji Inna Kulu ta rasu, na je gaisuwa, na zauna can baya na rufe fuska. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ikon Allah, Ta-Kududdufi, ƙafar ta warke?"

Na ce ta warke. Me zan ce?

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma na riƙe shi har yau. Ba na gayyatar kowa kallon abin da ban fara gani da idona ba. Idan mai iko ya yi doguwar magana aka ce mini "madalla" ya ce, sai na nemi wani tafintan. Idan kuma jikina ya fara ɗaukar tafiyar wani, nakan tsaya in tambayi abin da ya sa yake tafiya haka, sannan in bincika a hankali ko yana da ɗa namiji da bai yi aure ba.